Dakan Kaka a Bakin Tafki

Jiya na ji ƙarar taɓarya a wani gida a Bagudo, sai gabana ya faɗi, kamar yadda ya faɗi wata rana ina yarinya a cikin kwalekwalen kakana.

Ƙauyenmu na kan hanyar Benin, da tafki a bayansa wanda ruwansa bai wuce ƙirjin babba ba. Kakana manomi ne, kamun kifi kuwa sha'awa ce kawai. Ko da yanar ido ta rufe masa gani bai daina ba. Yakan ɗauke ni mu shiga, in sa masa tana a fatsa, yana tsokanata wai ya auri matar da ke tsoron tsutsa.

Da kaka ciyawar tafkin takan fi mutum tsawo, ko ina ka juya iri ɗaya ne. Ga laka a ƙasa mai riƙe ƙafa. Don haka suka yi wata dabara shi da kakata: in la'asar ta yi, sai ta fito da turmi bayan gida ta yi ta daka, ko da ba komai a ciki. Shi kuma ya bi sautin yana tura kwalekwalen da gora har gaɓa.

Ran nan la'asar ta yi, shiru. Hadari ya haɗo daga gabas, iska ta fara kaɗa ciyawa. Na miƙe ina leƙe, ban ga ko rufin ɗaki ba. Tsoro ya kama ni sosai, na ce mu sauka mu taka. Ya hana, ya ce laka ba ta san jikar kowa ba. Ya karkata kunne.

Can sai muka ji daka. Na yi tsalle don murna har jirgin ya karkata. Shi ko motsi bai yi ba.

"Wanga ba hannunta ba na," ya ce a hankali.

Da muka iso, innata muka tarar a kan turmin, tana daka tana kuka. Kakata ta faɗi tun azahar, kuma abin da ta iya faɗa na ƙarshe shi ne a yi wa tsoho daka.

Yanzu injin niƙa ya karɓe aikin, samari kuma da waya suke kiran juna daga cikin tafkin. Ni dai har yau in na ji taɓarya sai na tsaya na saurari hannun.