Motar da Lampo Ya Ba Ni

A shekarun da jam'iyyu suka tsiro kamar ciyawa bayan ruwan fari, ina sayen aya a Gangara ina kaiwa Maraɗi. Ba ni da ko tayar mota. Hayar babbar motar wani Alhaji nake yi, amma kullum ni ne a gaba, gwiwar hannu a taga. Manoma suka ɗauka tawa ce, suna ba ni aya sai na sayar in biya. Ban taɓa cewa tawa ce ba. Ban kuma taɓa cewa ba tawa ba ce.

Sai ga takarda daga buron lampo, wato ofishin haraji, da Faransanci. Na kai wa maƙwabcina tela, wanda ya taɓa lakol, makarantar boko. Ya ce, "Yaga ta, maƙwabci. Dimokuraɗiyya ta zo, lampo ya mutu."

Na ce, "Allah ya jiƙansa. Amma karanta min wasiyyar tukuna."

Ashe sun rubuta ni mai mota, sun ɗora min kuɗinta bisa lampon shagona, kuma in ban amsa ba kafin ƙarshen wata za su garƙame min sito. Ga kaka ta kawo jiki. In na biya, ribar bana ta tafi. In na yi gardama a kasuwa, manoma su ji, bashin aya ya yanke.

Na roƙi Alhaji takardun motarsa, na zaɓi ranar da ba kasuwa, na shiga buro ta gefe. Ma'aikacin ya duba, ya dube ni.

"Ba kai ne kake zama a gaba ba?"

"Ranka ya daɗe, kai ma kana zaune a kujerar gwamnati. Taka ce?"

Ya yi dariya, ya sa aka rubuta amsa na dangwala yatsa, aka cire motar. Na biya na shago nan take. Da ya miƙo hannu zai karɓi takardar farko, na ce a bar min, don tarihi.

Ranar kasuwar Gangara wani tsoho mai aya da yawa ya ce ya ji ƙishin-ƙishin motar haya ce. Na zaro takardar farkon nan, ga hatimi, na ce ya sa jikansa ya karanta masa abin da gwamnati ta rubuta da hannunta.

Ya shafa hatimin da babban yatsa. Ya ce a fara lodi.