Tarkon da Ban Ɗaura wa Kaba Ba

Ni dai karatuna bai wuce izu biyu ba, shi ma da bulala aka ɗura mini. Abin da na sani na duniya a bakin murhun kakata Tumba na tsince shi, can Kamarawa, lokacin da ake gama tuwo a tura mana karan dawa cikin wuta. Tana da zanen Gobir har kunne, kuma ba ta fara labari sai ta tsokane ni.

"Nomau, mijin banza, matso nan. Na yau babu Gizo ciki, na kakana ne."

Wai a zamanin da Gobirawa suka watse, ana ta ɗauki-ba-daɗi da mayaƙan Sakkwato, kakan nata yana noma a bakin fadama. Gyado, aladen nan na daji, ya addabe shi, kullum sai ya tone masa rogo. To a lokacin akwai doka: ko cikin gonarka ne, ba ka haƙa wa naman daji rami sai ka gaya wa Sarkin Baka, shugaban mahalba. Shi zai zo ya kafa sanda, ya ɗaura mata ganyen kaba, ya sanar a ƙofar masallaci. Dalili kuwa, masu gudun yaƙi ba su bin hanya, ta gonaki suke ratsawa. In naman ya faɗa, Sarkin Baka na da cinya guda.

"Sai tsohon ya ce gonatai ta, ba shi ba kowa cinya," in ji Tumba. Ya haƙa raminsa a ɓoye, ya kafa tsinke, ya rufe da ciyawa. Kwana uku ya ji ihu, ya sheƙa da mashi yana murna. Ƙanensa ya tarar a ciki, wanda ya tsero daga fagen fama da ransa, ya zo ya bar ƙafa a gonar wansa.

Ni kuwa sai na ce, "To Kaka, gyadon fa? An ci?"

Ta ɗaga muciya. "Kai dai Allah shi shirye ka."

Bai shirye ni da wuri ba. Ina da mata da ɗiya huɗu gyado ya shiga tawa gonar. Na sayo tarkon ƙarfe wajen wani mai zuwa Nijar. Har lokacin akwai Sarkin Baka a garin, tsoho ne, ana kai masa magana. Na ce a raina wane ne shi, shi ya nome mini? Na ɗana abina a bakin kunya, na ɗaure shi da igiyar rama jikin kututture, ban kafa sanda ba, ban ɗaura kaba ba.

Umaru tarkon ya kama, Bahillacen da ke zaunar da shanunsa a gonata kowane rani, wanda matarsa ke aiko wa ɗiyana nono. Ya ratso da asuba neman maraƙi. Da aka ɗauke shi, aka yi ta tambayar mai tarko, na tsaya cikin jama'a ina salati, har ina cewa mahalban yanzu ba su da tsoron Allah. Aka je aka yi wa Sarkin Baka faɗa a banza.

Shekara goma sha na yi ina gaida Umaru ina kallon ƙasa. Shi ko bai fasa kawo shanu ba. Ran nan a kasuwar Bafarawa na hango shi yana jan ƙafar, abin ya ci ni, na ja shi bayan rumfa.

"Umaru, tarkon nan..."

"Naka na. Na sani tun ina kwance wurin," ya ce. "Duk garin ga wa ka ƙullin igiya irin naka? Da shi ka ɗaure min maraƙi sau nawa?"

"To don mi ba ka hwaɗi ba?"

"Ina jiran ka ne, Nomau. Ka daɗe."

Ya yafe mini a tsaye, ya tafi sayen kanwa. Sarkin Baka kuwa ya riga ya rasu, ban samu na roƙe shi ba.

Yanzu jikokina na cewa in ba su labarin kakan Tumba, ina ba su. Har yau dai ana samun ɗaya da zai tambayi gyadon. Ba na ɗaga masa komi. Sai in ce ya matso kusa, akwai saura, kuma na biyun da sunana a ciki.