Muryar Inna a Bakin Dutsen Niƙa

Matso nan kusa in gaya maka abin da autanmu ya yi mini, don na gaji da riƙe shi ni kaɗai.

Autanmu mai yin fim ne. Ba shi da kamfani, ba shi da ubangida. Da kamera ɗaya ya fara, wajen ɗaukar biki da suna a nan Tawa, sauran kwanaki shina kabu-kabu. Ni kuwa mace ce ta gida, ban yi nisa a lakwal, makarantar boko, ba, ko biki sai an ja ni. To gidana ya zama wurin aikinsu. A tsakar gidana anka yi faɗan ƙarya da mutuwar ƙarya. An taɓa kwantar da wani mahauci kan tabarmata a matsayin gawa, anka lulluɓe shi da zanena, shina ta dariya a ƙarƙashi. Ni ke dafa musu shinkafa da wake, ni ke korar awaki in an ce a yi shiru. In sun gama ya kira ni: "Yaya, saurara ki ji, haka mutane ke magana?" In ce masa babu tsohuwar garin Affala da za ta faɗi haka, ya koma ya sake. Ban taɓa jin nauyin wannan ba.

Wata shekara bayan girbi ya ce ya gaji da wasan ƙarya, zai yi fim kan matan ƙauye da aikin hatsi, daga sussuka har tuwo. Munka tahi Barmou wurin Inna, mahaifiyarmu.

Ni ce ɗiyar fari. A wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yabonsa, ba ta wasa da shi gaban mutane. Kakata ta goye ni. Inna kuwa "ke" take ce mini, in da baƙi ta ce "waccan". Na san al'ada ce, ban taɓa cewa ba ta sona ba. Amma na girma, na yi aure, na haihu, ban ji kalma ɗaya mai taushi daga bakinta zuwa gare ni ba.

Auta ya lallashe ta ta durƙusa gaban tsohon dutsen niƙa da ta yada tun zuwan inji. Ta ce, "Kai ɗan nan, gwiwoyina sun riga ni mutuwa." Ya ce, "Inna, ko budurwa ba ta kai ki ba." Ta zage shi, ta durƙusa. Ni ina bayan zana ina tankaɗe.

Ta fara waƙar niƙa irin wadda kowa ya sani, dutse na tahiya, numfashinta na bin sa. Can sai na ji ta bar waƙar mutane ta shiga tata. Ta rera waƙar wata yarinya da ta haifa shekarar yunwa. Ta ce takan yi ƙaryar ɗebo wuta ɗakin tsohuwar da ke goyon yarinyar don ta saci kallonta. Ta ce akwai sunan da take ɗauke da shi cikin baki tun tana yarinya, ba ta sami inda za ta sauke shi ba. Ba ta faɗi sunan ba. Na tsaya da rariya a hannu, garin na zuba kan ƙafata. Da ta gama ta fyace hanci, ta ce, "Ke, garin nan shi zai tankaɗe kansa?"

Ba ta ga damina ta gaba ba. Allah ya jiƙanta.

Auta ya kai abin da ya ɗauka Yamai, wurin abokinsa mai montaj, wato mai yankawa da haɗa hoto da sauti. Anka jima. Sai munka ji an nuna fim ɗin a taron masu sinima, har an ba shi lambar yabo, rediyo na faɗin ɗan Tawa ya yi abin kirki. Na yi murna har na raba goro a unguwa. Duk tsawon lokacin nan abu ɗaya nake jira, in sake jin ta.

Ya zo da shi bayan la'asar, ya sa mini a tele. Ga Inna, ga gwiwoyinta, ga dutse. Bakinta ya motsa, sai muryar wata yarinya ta fito, siririya, da kiɗan fiyano a bayanta. Ko ƙarar dutsen babu.

Na ce, "Auta, wace ce wagga a bakin Inna?"

Ya ce, "Yaya, sautin bai yi tsabta ba. Iska ta shiga mikro, ga jaki na kuka, dutsen ya rufe rabin maganar. Da an bar shi, alƙalan taron ba za su ko kalle shi ba."

"To alƙalan da tuwon sama anka raine su? Ina na asalin?"

Ya shiga sosa ƙeya. Katin kamerar, wai da aiki ya ƙare ya goge shi, ya ɗauki wani biki a kai. Sannan ya ƙara da abin da har yau ke tafasa ni: "Ai waƙar niƙa ce, Yaya, kowace tsohuwa ta iya ta."

Mutum shina tsaye gaban uwarsa, da abin saurare manne ga kunnuwansa biyu, bai ji ba. Ni da ke bayan zana na ji. Yaya za a yi ya ji? Shi da ake kiran sunansa tun safe har a kwanta, a yi masa kirari, a ajiye masa ƙanzo. Shi kukan jaki da iska kawai ya ji. Kuma ni da yake kira in tantance masa maganar mahauta, ranar da abin ya zo kan uwarmu bai neme ni ba.

Na gaya masa abin da ta rera, kalma bayan kalma. Ya zauna ƙasa. Washegari ya shiga mota zuwa Yamai. Abokin ya ce odinatarsa, wato kwamfuta, ta cika, ya share tuni.

Yanzu kusan kullum sai ya zo. Ba ya shigowa tsakar gida, zaure yake zama da mikro bisa cinya. Ya aiko mini cewa tunda na riƙe waƙar, kuma muryata ta ɗauko tata, in zo in durƙusa gaban dutse in rera, ya cire ta yarinyar ya sa tawa. Wato in shiga bakin uwata in lallashi kaina. Abinci dai ina aika masa, ɗan'uwana ne. Amma ban leƙa ba.

Abin da ke ƙara mini haushi, na san in ban rera ba, haka Inna za ta ci gaba da yawo gari gari da muryar wata baƙuwa, kuma ranar da na mutu kalmomin sun bi ni. In na rera kuwa, jikokinta za su tashi suna cewa ga muryar kakarsu.

Kai da ka saurare ni, in kai ne a bayan zanar nan, za ka fita zauren ka rera masa?