Falalen da Kawu Ɗahiru Ya Kaɗa Jita

Wata Laraba ce, a kakar shekarar da na shiga aji huɗu na firamare. Ni da ƙawayena muna shanya gyaɗa a kan falalen dutsen da ke bayan ƙauyenmu, can gefen Wagini, sai wata ƙara mai kaifi ta tsaga iska, tana hawa tana sauka kamar kukan shaho. Ba garaya ba ce, ba kuma goge ba. Awaki suka watse. Da muka ɗaga kai, sai ga Kawu Ɗahiru, ƙanen mahaifiyata, zaune a ƙololuwar dutsen rungume da wata jar jita, ya jona ta da batirin mota da tsohuwar lasifika. Bai daɗe da dawowa daga Agadas ba, inda ya yi shekaru yana kanikanci. A can ya koyi kiɗan wurin samarin Buzaye, waɗanda ya ce da ita suke kai kukansu a kan fari da ya cinye dabbobinsu da hukumar da ta manta da su.

Wannan falale shi ne rabin rayuwarmu. A kansa ake shanyar wake da barkono, a kansa mata ke sussukar gero suna sheƙe ƙaiƙayi. Mu 'yan mata nan muke carafke da gaɗa, maza kuma su hau kan tsohon buhu su zamo daga sama har wandunansu su yage. A gindinsa akwai rijiyar da kakanninmu suka haƙa, wadda ko a tsakiyar bazara ba ta ƙafewa. Kullum da sassafe sai na naɗa gammo na cika randunan gidanmu kafin in ɗauki jakar makaranta. Kawu kuwa da rana yana gona kamar kowa, sai bayan la'asar ya hau dutse. Manya ba su so abin ba, musamman kakata Hajo, uwar da ta haife shi. Ta kan ce, "Mu ba mu gaji kiɗa ba, wannan yaro ya ɗauko mana abin faɗa."

Da bazara ta shigo, wani attajiri ɗan kwangila ya zo da takardar izinin fasa dutse. Ya kewaye falalen da waya mai ƙaya, ya haɗa har da rijiyar, ya sa ƙofa da kwaɗo da mai gadi. Muka koma tafiya rafi mai nisa, muna tonon yashi muna kwalfar ruwa ja kamar kunun kanwa. Muna isa makaranta a makare, bulala na jiranmu. Ƙanena Sani ya kamu da gudawa har idanunsa suka zurma. Magidanta suka kai kuka wurin mai gari, ya ce su yi haƙuri, abin daga sama yake.

Kawu bai je ko'ina ba. Ya ɗauko kayansa ya zauna a bakin wayar, daidai inda mai gadi ke kallonsa, ya kaɗa wata sabuwar waƙa: "Ruwan Allah ba shi da ƙofa, wa ya ba ka kwaɗonsa?" Mu da muka dawo daga rafi da tuluna a ka muka fara amshi ba tare da an sa mu ba. Kafin a jima waƙar ta shiga gaɗa, ta shiga bakin masu daka, aka ji ta a kasuwar Batsari, direbobi suka kai ta Safana. Mutanen ƙauyen Karare suka riƙa zuwa a kan jakuna da babura don su ji da kunnensu. Sai wata safiya motar hukuma ta zo aka tafi da Kawu gari, shi da jitarsa, aka ce yana tunzura jama'a.

Ban manta fuskar Kaka Hajo ba lokacin da labari ya iske ta. Ta ajiye mazarinta, ta ɗaure zanenta, ta ce, "Ɗan nan ya yi namu. Saura mu yi nasa." Gida-gida ta bi tana kiran tsofaffi 'yan'uwanta. Washegari muka kama hanya, tsofaffin mata a gaba, mu 'yan mata a baya, kowa da tulu babu ko ɗigon ruwa. Muka jera tulunan a ƙofar inda aka tsare shi, muka zauna cikin rana. Kaka ta dube ni ta ce, "Ke mai baki, ba da waƙar." Na fara a tsorace, amma da amshi ya tashi sai tsoron ya bar ni. 'Yan kasuwa suka baro rumfunansu, mahauta suka zo da ruwan sha. Kafin la'asar aka fito da Kawu, jitar a hannunsa wuyanta a karye. Ba a rufa mako ba aka janye wayar daga rijiya. Dutsen dai masu fasa shi sun cinye kusan rabinsa, amma ruwa ya dawo hannunmu, Sani kuma ya miƙe.

Kawu bai sake samun wata jita ba har Allah ya karɓi abinsa. Yanzu akwai famfo mai aiki da hasken rana a tsakiyar ƙauye, kuma tun da tsaro ya taɓarɓare ba kowa ke zuwa bayan gari ba. 'Ya'yana na jin kiɗan jita iri-iri a wayoyinsu, na ƙasashen da ban san sunansu ba. Bara da muka je gida na kai su wurin da rana tsaka, na nuna musu inda aka kafa wayar da inda Kawu ya zauna. Ba allo, ba rubutu, sai sabara da ta rufe hanya. Na so a ce sun ga wurin cike da mutane. A nan na fara sanin cewa talaka ma yana da murya.