Amsar Auta

Duk mai bi ta kwanar bayan tasha ya san Mai Faci. Rumfarsa ta kwano ce, da injin iska mai tari kamar tsohon mashayin taba, da bahon ruwa baƙi ƙirin inda yake tsoma tiyub ya nemo wurin da ke huci. Mutum ne mai baki. In ka kawo masa taya sai ya fara yi maka tsiya kafin ya taɓa ta: "Wannan ai ta gaji da duniya, ka bar ta ta huta mana!" Tun rasuwar matarsa shi ya riƙe 'ya'yansa, kowa ya kama gabansa, saura Auta, saurayi mai dako a wani sito. Auta ba ya haɗa ido da ubansa. In uban ya ce zauna, ba ya tambayar ina.

Tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Janareta ya ɓace a siton, mai gadi ya ce kamar Auta ya gani, aka kama shi. Mai Faci ya san ƙarya ce, don a ɗaki ɗaya suka kwana. Amma shi ko ƙofar kotu bai taɓa takawa ba. Wani direba ya ga yadda ya rame, ya sa masa wata manhaja a waya, wadda ake yi wa tambayar shari'a da baki ita ma ta mayar da baki.

Mai Faci ya goge hannu, ya kara wayar a bakinsa. "Ranka ya daɗe, gobe za a kai yarona gaban alƙali. Ya amsa, ko ya yi shiru?"

"In alƙali ya yi masa magana, ya amsa cikin ladabi," in ji muryar. Ta ci gaba da bayani, sai wata mota ta tsaya tana ta hon. Mai Faci ya jefa wayar a aljihu. Ai ya ji abin da yake nema.

Washegari a barandar kotu ya samu ya raɗa wa ɗansa: "Na tambayi masana. Ka amsa, ka ji ko? Kada ka yi taurin kai, ka amsa."

"To, Baba."

Da aka karanta tuhuma, magatakarda ya ce, "Ka amsa laifinka, ko ba ka amsa ba?" Auta ya waiwayo yana neman ubansa. Mai Faci na can bencin baya, ƙarar fanka ta cika masa kunne, sai kawai ya gyaɗa kai.

"Na amsa," in ji Auta.

Ba a kira ko shaida ɗaya ba. Aka ce shekara biyu.

Wata lauya ce ta tare Mai Faci a waje. "Baba, don me ya amsa? Ai maganar mai gadin nan ba za ta tsaya ba." Da ya koma rumfa ya sake kunna bayanin, ya saurara har ƙarshe. Ashe bayan hon ɗin muryar ta ce, amma kada ya amsa laifin da bai aikata ba. Ya yi kuka irin wanda bai yi ba ko ranar da aka binne matarsa.

Tun daga nan tsiyar ta ƙare. Yana faci shiru, ya karɓi taya ya miƙa taya.

Ranar ziyara a gidan yari, Auta ya fito da kai a aske, ya durƙusa ta bayan raga ya gaishe shi. Can ya ce, "Baba, kada ka sa damuwa. Da ban amsa ba, ai da sun ƙara mini, ko?"

Mai Faci ya gyaɗa kai.

"Haka ne, ɗana," ya ce. "Da sun ƙara."