Layar da na cire a gaban inji

Ana saura 'yan watanni a sami mulkin kai, kamfanin gurzar auduga da nake wa dako a hanyar Miri ya tsame mu shida daga cikin leburori, wai za a koya mana aikin inji. Ba ƙaunarmu ce ta kama su ba. Turawan da ke juya injin suna ɗaure kaya ne, inji kuwa ba ya juya kansa.

Ni dai tsoro ne ya cika ni. Na sha jin ƙugin injin nan ta bayan bango, har a haƙorana nake jinsa. Na gaya wa Inna. Washegari ta rataya mini laya a wuya da doguwar igiyar fata, ta ce maganin ƙarfe ce, in na cire ta, to ba da yawunta ba.

Mai koya mana wani dattijo ne Kirista daga kudancin Bauchi, kullum da mayafi a kafaɗarsa ta hagu, ko ana zafi. Kwana uku bai bar mu mun taɓa komai ba, sai yadda ake kashe inji. Muka yi ta tsaki a ɓoye. Rana ta huɗu ya jera mu gaban bel ɗin da ke jan injin, yana gudu yana feshin iska, ya ce kowa ya tuɓe babbar riga. Na tuɓe. Sai idonsa ya sauka a wuyana, ya yi magana da gurguwar Hausarsa.

"Wannan igiya, cire shi."

Na ce uwata ce ta sa mini.

"In ka sunkuya, bel zai kama shi. Ko ka cire, ko ka koma dako."

In na cire, na tsaya gaban ƙarfe ba kariya, ga furucin Inna a kaina. Na damƙe layar, na fara ja da baya.

Bai yi faɗa ba. Ya yaye mayafin. Hannun nasa ya ƙare a gwiwar hannu, fatar ta tattare kamar bakin buhu.

"Nawa kambu ne," in ji shi. "Uwana ya ɗaura mini, igiya yana lilo. Lokacin babu wanda ya tsaya ya koya mana."

Na cire layar da hannu biyu, don ɗaya ya kasa.

Shekara tara ina mayar da ita wuya a ƙofar gida kowace yamma. Har Inna ta rasu tana yi wa layar godiya.