Dutsen da Ya Rage a Bakin Ƙofa

A zamanin da mahara ke sauko mana daga arewa, garinmu, can kusa da Ƙarfi, yana da al'ada. Duk mai fita gona sai ya ajiye ɗan dutse a bakin ƙofar ganuwa, in ya dawo ya ɗauke abinsa. Muddin akwai dutse a ƙasa, ba a rufe ƙofa.

Mai tsaron ƙofar wan mijina ne. Kai, mutumin kirki! Bakinsa zaƙi, gaisuwarsa har ƙasa. Ban taɓa ganin ya firgita ba, ban kuma taɓa jin ya ce "na yi kuskure" ba. Mutane suka ce jarumta ce. To, madalla.

Ran nan da hantsi, ana tsakiyar yankan dawa, aka buga kuge, alamar mahara sun taso. Kowa ya sheƙo, ya suri dutsensa ya shige. Saura ɗaya, na mijina. Ina hango shi yana gudu, mahaya na bayansa da ɗan nisa.

Na ce, "Yaya, ga shi nan tafe! Don Allah dakata!"

Ya dube ni, ya dubi ƙaninsa, kamar mai duba ko hadari zai yi ruwa. Ya ce, "Mutum ɗaya ne, gari kuwa da yawa." Ya sunkuya ya ɗauki dutsen, ya jefa a aljihu. "Kin ga, babu dutse." Ya tura ƙyaure ya sa sakata.

Ina jin mijina yana dukan ƙofa, yana kiran wansa. Can na daina ji. Shi kuwa Yaya ya juyo yana tambaya wa ya zubar masa da fura.

Dattawa suka ce ya ceci gari. Wataƙila haka ne, ban iya musawa ba, kuma abin da ke cin raina ke nan har yau. Amma da wani ne, ai ko hannunsa ya yi rawa. A zaman makoki Yaya ya fi kowa kuka, ya share hawaye tas, ya tambaya ko an gama yankan dawar marigayi.

Sai da na yi kwana arba'in kafin na iya zuwa wurin Yaya karɓar dutsen. Na tarar yana niƙa taba da shi.

Ya yi murmushi ya ce, "Bari in gama tukuna."